Ku Tambayi Malama: Wai “make up your mind” zagi ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato kalaman da masu Turanci ke amfani da su in ana maganar tsai da ra'ayi ko yanke shawara, shi yasa na tattara su nace bari mu zauna a kansu gaba ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye, unguwa kawai na bari.

TAMBAYA: Malama ina wuni, ya aiki ya yara. Dan Allah ki taimaka min da wata magana da ta tsaya min a rai. Akwai wanda yake nemana kusan shekara ɗaya kenan, a Abuja yake aiki amma yana shigowa Kaduna ƙarshen sati ta jirgin ƙasa, yace zai turo magabatansa ni kuma nace ya ɗan dakata saboda inaso in gama karatuna tukunna, toh shekaranjiya da daddare sai gashi ya turo min saƙo a WhatsApp wai “Please make up your mind before December.” Na nuna wa ƙawata tace ai zagina yayi, wai cewa yake in gyara ƙwaƙwalwata kamar yadda ake yi wa fuska mekof, wato dai bani da hankali kenan. Raina ya ɓaci sosai har yau ban bashi amsa ba. Da gaske zagi ne? Daga ƙanwarki a Unguwar Rimi.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, alhamdulillahi. Ki kwantar da hankalinki, bawan Allahn nan bai zage ki ba ko kaɗan. Abin da yace shine ki tsai da magana ɗaya kafin watan Disamba, eh ko a'a. Da Hausa yayi miki maganar da cewa zai yi “dan Allah ki yanke shawara, na gaji da jiran gawon shanu.”

Ƙawarki ba daga sama ta ɗauko fassararta ba, “make up” ɗin ce ta ruɗe ta, kuma ba ita kaɗai take ruɗawa ba. Kalmomi biyu ne ƙanana amma fuskarsu ta fi biyar. Akwai ta hoda da jan baki da gazar wadda duk 'yan mata suka sani. Akwai ta sulhu, in mutum biyu sun yi faɗa suka shirya sai ace “they made up.” Akwai ta shara ƙarya, “he made up the story,” wato ƙirƙirar labarin yayi, babu shi. Akwai ta ramuwa, kamar jarrabawar da lakcara ke sake shirya wa waɗanda suka rasa ta farko. Kalmar da ta biyo baya ita ke gaya miki wace fuskar ce, kuma duk inda kika ga “mind” ta biyo, to maganar tsai da shawara ake, babu ruwanta da kwalliya, babu ruwanta da cewa wani ba shi da hankali.

Amma bari in ɗan zauna a nan saboda akwai abin da ƙamus ba ya fitarwa sosai. Turanci yana da “decide,” ita ma yanke shawara take nufi, to me yasa bai ce miki “please decide” ba? Bambancin shine “make up your mind” tana ɗauke da labarin abin da ya faru kafin yanzu. Ba a faɗa wa mutumin da yanzun nan aka kawo masa zance. Ana faɗa wa wanda zuciyarsa ta rabu biyu, yau yace eh gobe yace bari in ƙara tunani, an jima ana kai-komo. Mu da Hausa muna da sunan abin, ruwan ido. Ki tuna yadda ake yi in an shiga layin 'yan atamfa a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ana saura sati biyu sallah, mai shago ya sauke miki turmi ɗaya kice kalar tayi duhu, ya sauke na biyu kice zanen yayi girma, ya hau kujera ya zaro na can sama ya warware miki shi a kan tebur kina shafawa kina kallon na farkon da kika ajiye, shi kuma gumi na keto masa ga wasu mata uku a bakin ƙofa suna jira. Abin da ke zuciyar mai shagon nan a wannan lokacin, wanda ladabin kasuwa ya hana shi furtawa, shine ainihin “make up your mind.”

Toh kinga saƙon nasa ba zagi ba ne amma kuma ba hirar soyayya ba ce, akwai gajiya a ciki. Ya sa “please” ya sassauta, sannan ya sa wa'adi ya nuna da gaske yake. In zaki ba shi amsa da Turancin ne, ki kula da wacce zaki ɗauka domin nauyinsu ba ɗaya ba. “I haven't made up my mind yet” na nufin har yanzu ban tsaya ba, ƙofa a buɗe take. “I have made up my mind to finish school first” na nufin na tsai da cewa sai na gama makaranta. Ita kuwa “my mind is made up” ki yi hattara da ita, wannan ita ce bakin alƙalami ya bushe, kada a ƙara tayar min da zancen. Nasha ganin yara suna rubuta ta don tayi musu daɗin faɗa, basu san sun rufe ƙofa sun jefar da makulli ba.

Tunda mun zo nan bari in gyara kurakuran da nake gani kullum a takardun ɗalibai. Wakilin sunan da ke tsakiya dole ya bi mai maganar, ni “my mind,” ke “your mind,” shi “his mind,” ita “her mind,” in kuma suna da yawa sai a ƙara harafin jam'i, “they made up their minds.” Ba a cewa “I have make up,” bayan “have” sai “made.” Kuma ba a cire wakilin sunan a ce “make up mind” kawai. In kin ji mutanen Ingila sun ce “make your mind up” kada kice sun yi kuskure, duk ɗaya ne, sun tura “up” ɗin ƙarshe ne kawai.

Maganar auren kuwa ba fannina ba ce, amma a matsayin yayarki zan ce miki kada ki bar shi a rataye saboda fassarar ƙawa. Ki zauna da Mama ki gaya mata gaskiyar abin da ke ranki, ki yi istihara, sannan ki kira shi ku yi magana baki da baki da Hausarku. Akwai mata da yawa da na koyar waɗanda suka yi aure suna tsakiyar karatu suka kuma gama, akwai waɗanda suka jira suka gama tukunna, kowacce da yadda gidansu da mijinta suke.

TAMBAYA: Salam Malama. Ni yaron shago ne muna saida wayoyi a Ahmadu Bello Way. Wata madam tazo daga Barnawa bata jin Hausa sosai, ta sa na buɗe kwali huɗu ta fi minti arba'in tana juya su, sai nace mata “Madam make up your mind now” ni a zatona taimaka mata nake, wallahi kawai sai ta ajiye wayar ta ɗau jakarta ta fita, oga ya dinga yi min faɗa wai na kori kwastoma. Ni dai nasan Turancin daidai ne. Ina laifina?

AMSA: Ɗana Turancinka daidai ne, babu malamin da zai sa maka jan biro a kai, amma ogan naka ya fi ka gaskiya. Jimla tana iya zama daidai a nahawu ta kuma zama rashin kunya a baki. Ka ɗauka Hajiya ce sa'ar mahaifiyarka ta shigo, zaka iya kallon idonta kace “Hajiya ki daina ruwan ido ki zaɓa mana”? Ba zaka iya ba, ko oga baya nan. To abin da ka faɗa wa madam ɗin kenan, har ka ƙara da “now” wadda a bakinka ƙila “mana” kake nufi irin ta Turancinmu na nan, amma a kunnen mai saye tana iya zama “yanzu-yanzu, kin ɓata min lokaci.”

Wannan magana in aka faɗe ta a matsayin umarni, daga sama take saukowa ƙasa ko kuma tsakanin sa'annin juna. Uwa ta faɗa wa ɗanta da ya tsaya gaban mai tsire ya kasa zaɓa, aboki ya faɗa wa aboki, shikenan. Ba a faɗa wa kwastoma, ba a faɗa wa oga a ofis, ba a faɗa wa suruki. Abin da zaka ce nan gaba shine “Take your time, madam,” wato ki nutsu babu gaggawa, ko “Which one do you prefer?” wato wacce ta fi kwanta miki, ko ma mafi kyau ka taimaka mata ta rage, kace in batir take so mai daɗewa ga wannan, in kyamara ce ga waccan. Mutumin da ya yi minti arba'in a shagonka da niyyar saye yazo, wanda baya da niyya minti biyar yake yi. In ta sake biyowa ta layin ka gaishe ta ka bata haƙuri, kace Turanci ne ya zame maka.

TAMBAYA: Malama barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Ina shirin rubuta JAMB a karo na biyu, a lesin da nake zuwa a Tudun Wada an bamu gwaji aka ce mu cike gurbi, “Don't jump ___ conclusions,” na zaɓi “into” malamin ya kashe yace “to” ce. Ni kuma tun ina yaro “jump into conclusion” nake ji, a rediyo na ji, 'yan siyasa na faɗa, har wani malaminmu na sakandare haka yake cewa. Ai mutum cikin abu yake faɗawa in yayi tsalle, kamar “jump into the river.” Waye mai gaskiya?

AMSA: Malamin lesin ɗinka ne mai gaskiya ɗana, ka riƙe “to” da hannu biyu. Abin da ake cewa shine “jump to conclusions,” kuma ka lura da harafin jam'in da ke ƙarshe, shi ma mutanenmu suna yawan yar da shi. In kana so ka ambaci takamaiman abin da mutum ya yanke, sai ka mayar da ita tilo ka sa “the” a gaba, “she jumped to the conclusion that I was lying,” wato nan take ta yanke cewa ƙarya nake. Wani lokaci zaka ga “leap” a madadin “jump,” ma'ana ɗaya ce.

Ban musa maka ba cewa ka ji “into” a bakin manya, nima ina ji kusan kullum, ta zama ruwan dare a Turancin Najeriya daga Legas har Maiduguri, kuma duk wanda ka faɗa wa a nan zai gane ka. Amma mai tsara jarrabawa ya san da haka, shi yasa ma yake ajiye “into” a cikin zaɓin, tarko ne aka ɗana wa wanda ya koyi Turanci da kunne kawai. Takardar Turanci ta JAMB dole ce a kan kowa ko likitanci zaka karanta ko shari'a, tambaya 60 ce alhali sauran darussa ukun 40 ne kowanne, ga WAEC da NECO su ma suna da irin wannan cike gurbin, kuma ka san ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci. Maki ɗaya-ɗayan nan da ake zubarwa a kan ƙananan kalmomi irin su “to” da “into” da “on” su ne suke taruwa su hana yaro kwas ɗin da yake so.

Hujjarka ta kogi tana da kyau, naji daɗi da kayi tunani maimakon haddacewa kawai, amma hoton da ke cikin maganar ba na faɗawa ruwa ba ne. Ka ɗauka hanya ce mai zango-zango, ka ji labari, ka tambaya, ka ji ta ɗaya ɓangaren, ka auna, sannan ka isa ƙarshe. Mai haƙuri takawa yake har ya isa, shi yasa Turanci ke cewa “reach a conclusion” ko “come to a conclusion” ko “arrive at a conclusion,” duk kalmomin tafiya da isowa ne, kuma babu aibu a cikinsu, alƙali ma haka yake yi. Shi kuwa mai azarɓaɓi daga zangon farko sai ya daka tsalle ya dira a na ƙarshe, ya tsallake duk na tsakiya. Wurin da ya dira ake nunawa, shi yasa “to.” Saboda haka wannan magana kullum zargi ce, ba a yabon mutum da ita, ba zaka ce wa shugaban kwamiti “thank you for jumping to conclusions” kana nufin ya kyauta da ya gama da wuri ba. Hausawa sun riga sun gama da wannan hali tuntuni da suka ce daga ganin sarkin fawa sai miya tayi zaƙi. In kana neman fassarar da zata zauna maka a kai, ga ta nan.

Ni wannan magana ba a littafi na fara jin nauyinta ba. Shekarun farko da na fara koyarwa, sama da shekara 20 kenan, na ba 'yan aji biyar aikin insha'i su rubuto a gida. Akwai wata yarinya mai shiru-shiru tana zama layin baya kusa da taga, bata taɓa ɗaga hannu a aji ba, hijabinta ya koɗe har ya fara canza kala. Da na zo kan takardarta sai na ga Turanci tsaf, jimloli a jere, har da kalmomin da ban koya musu ba. Ban tambayi kowa ba, ban kira ta ba, na ɗauki jan biro na ja layi tun daga sama har ƙasa na rubuta cewa kwafa tayi, na bata sifili, kuma da na shiga aji na faɗa a gaban kowa cewa wasu suna zaton malamai basu da ido. Bata ce komai ba, ta sunkuyar da kai kawai tana murza gefen littafinta. Washegari lokacin tara sai gata a ƙofar ofishin malamai da baƙar leda a hannu, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Littattafan rubutu ne guda shida duk sun cika, bangonsu ya yi laushi saboda yawan juyawa. Ashe babanta tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, yana da tarin tsofaffin jaridun New Nigerian da ya adana, kullum bayan isha'i sai ya sa ta karanta masa labari ɗaya da ƙarfi sannan ta rubuta shi da kalmominta ya duba. Ga gyaransa nan da fensir a gefen kowane shafi. Wata babbar malama da ke zaune kusa da ni ta ɗauki ɗaya ta buɗa ta duba, ta kalle ni tace a hankali, “You jumped to conclusions.” Na shiga ajin na bata haƙuri a gaban waɗanda na kunyata ta a gabansu, na gyara makin, amma har ta gama makarantar bata ƙara sakin jiki da ni ba, kuma har yau in na ɗauki jan biro nakan tuna da ledar nan.

Shi yasa nake ce wa ɗalibaina kada su tsaya a kan “to” da “into” kaɗai. Addininmu ma ya riga Turanci faɗa, a Suratul Hujurat aya ta 6 an ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, a aya ta 12 aka ce a nisanci yawan zato. Mu mutanen Kaduna kuwa, duk wanda ya ga kwanakin tashin hankalin 2000 da 2002 ya san yadda labari ke tsallaka gadar kogi ya isa unguwa kafin gaskiyarsa ta iso, kuma a lokacin ma ba kowa ke da waya ba balle yanzu da hoto ɗaya ke zaga guruf ɗari kafin a sha ruwa.

TAMBAYA: Malama ni ɗaliba ce a Poli. Mun tambayi lakcaranmu tsakanin ra'ayoyi biyu da ya koya mana wanne ne daidai, sai yace “Read both and make up your own mind.” Ni gani nake kamar ya ƙi taimaka mana ne kawai ko kuma shi ma bai sani ba. Daga Hayin Banki.

AMSA: A'a 'yata, girmama ku yayi. Kin ga ƙaramar kalmar nan “own” da ta shiga tsakiya? Ta juya maganar gaba ɗaya. Ba tare da ita ba ana cewa ne ki yi sauri ki zaɓa. Da ita kuwa ana cewa ne kada ki ɗauki nawa, ki karanta ki auna ki fito da naki ra'ayin, babu gaggawa a ciki sam. Marubuta da 'yan jarida suna yawan rufe zance da ita, su jero hujjar kowane ɓangare sannan su bar wa mai karatu. Na san abin yana mana baƙo domin tun firamare an saba mana malam ya faɗa mu rubuta mu haddace mu mayar masa ranar jarrabawa, to babbar makaranta ba haka take ba, ko dai bai kamata ta zama haka ba. In ya kawo tambayar a jarrabawa ba wanda kika zaɓa zai duba ba, dalilin da kika kawo zai duba. Ra'ayi riga ce kowa da irin tasa, amma a takarda sai kin nuna inda kika samo yadin.

TAMBAYA: Malama, gaisuwa mai yawa. Ni dattijo ne na yi ritaya, ina cikin kwamitin unguwarmu a Malali, kuma ni ke rubuta takardunmu zuwa ƙaramar hukuma. Jikana ya duba wata wasiƙa da na rubuta ya ce “to my own opinion” da “according to me” duk ba daidai ba ne. Yaron nan gaskiya ya faɗa ko iyayi ne irin na 'yan zamani?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. A yi haƙuri, jikan naku gaskiya ya faɗa, sai dai ina fata cikin ladabi ya faɗe ta. Abin da ake cewa shine “in my opinion.” Akwai kuma wata daban, “to my mind,” ma'anarsu kusan ɗaya, a ganina kenan, to a nan ne mutane ke ɗauko “to” ta wannan su liƙa wa waccan. “Own” ɗin ba laifi ba ce amma ba a buƙatarta sai in ana so a bambanta da ra'ayin wani da aka riga aka ambata. Ita kuwa “according to” aikinta jingina magana ga wani, kamar yadda muke cewa “in ji wane” ko “a cewar hukuma,” kun ga kuwa mutum baya cewa “in ji ni” a takardar ofis. Tunda da sunan kwamiti kuke rubutawa, abin da ya fi dacewa shine “in our view” ko “the committee is of the opinion that,” wannan ta biyun tana da nauyi irin na takardun gwamnati da kuka saba da su. Ku ci gaba da ba shi yana dubawa Baba, shi ma zai koyi tsarin wasiƙa a wurinku, domin yaran yanzu da yawa basu san inda ake sa adireshi da kwanan wata ba.

TAMBAYA: Anti ni direban Keke Napep ne ina ɗaukar Sabon Tasha zuwa Kakuri. Wani fasinja muka yi cacar baki akan canji yace min “you get mind o.” Shi ma cewa yake in yanke shawara?

AMSA: A'a ƙanina, wannan ba Turancin makaranta ba ne, burokin ne, kuma “mind” ɗin cikinsa daban take. A burokin in aka ce mutum “get mind” ana nufin yana da ƙarfin hali, ko kuma baya jin kunya ko tsoro, ya danganta da yadda aka faɗa. In ka shiga ruwa ka ceto yaro aka faɗa maka, yabo ne. A bakin fasinjan da kuke rigimar canji kuwa cewa yake lallai kana da ƙarfin hali da har zaka riƙe masa kuɗi ka kuma tsaya kana mayar masa da magana. In canjin nasa ne ka ba shi, in kuma naka ne ka lissafa masa a nutse tun daga abin da ya baka, kuma da safe kafin ka fito ka nemi 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari ka ajiye a aljihun gaba.